Ƙaguwa Mai Aron Gida da Tarihin Ajiye Teku a Cikin Gilashi

Daga cikin halittun da Allah Ya ajiye a gaɓar teku akwai wata ƙaramar ƙaguwa wadda gabanta ke sanye da sulke mai tauri, amma bayanta lallausa ne ba shi da kariya ko kaɗan, saboda haka ba ta da wata dabara face ta nemi katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, ta shige da baya ta zauna, in kuma ta girma gidan ya matse ta, sai ta ƙaura zuwa wani. Aristo, masanin Yunanawa, ya bayyana wannan ɗabi'a tata tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, a littafinsa na dabbobi wanda aka tarjama zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, ko da yake ya zaci daga laka take samuwa. A ƙarni na 17 kuwa sai Jan Swammerdam, mutumin Holan, duk da ƙwarewarsa wajen fiɗar ƙananan halittu, ya yi da'awar cewa katantanwar tata ce, daga jikinta take.

Sababin wannan saɓani shi ne babu mai iya zama a ƙarƙashin ruwa ya yi mu'ayana, kowa gawa yake dubawa ya yi ƙiyasi. Wadda ta buɗe ƙofar hujja wata Bafaransiya ce, Jeanne Villepreux-Power, wadda da farko ɗinki ne sana'arta. A birnin Messina na tsibirin Siƙilliya, a shekarar 1832, ta ƙera akwatunan gilashi ta zuba ruwan teku domin ta yi bahasin argonot, wata dabba mai hannaye takwas da malamai da dama ke tuhuma da aron koɗi irin na ƙaguwar nan, har ta tabbatar da idonta cewa ita da kanta take gina nata.

A Ingila ne al'amarin ya zama al'ada. A 1846 Anna Thynne ta ɗauko murjani mai rai daga Torquay zuwa Landan, ta raya shi kusan shekara uku, ana sheƙa ruwan kullum daga wannan mazubi zuwa wancan don ya sha iska. Robert Warington ya nuna a 1850 cewa tsiro da dabba na iya rayar da juna a ruwa ɗaya. Da yake kuma an soke harajin gilashi tun 1845, sai abin ya zo da sauƙi, aka buɗe gidan kifi a gidan namun dajin Landan a 1853, Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa a 1854, gidajen masu hali suka cika da akwatunan teku.

A ganina babu abin da ya fi daraja cikin wannan zamani kamar abin da Gosse ya rubuta a 1859, bayan ya zauna da haƙuri gaban akwatinsa. Akwai wata irin ƙaguwa da ke ɗauke da furen teku a kan gidanta, dabba ce mai harbi da ke kare ta daga maƙiya, furen kuma yana cin ragowar abincin ƙaguwar. To, da ƙaguwar ta sauya gida, sai ya ga ta sa ƙafafunta ta ɗago abokin zaman nata, ta ɗora shi bisa sabon ta riƙe har ya manne. Wannan hikima ta Mahalicci ba za a taɓa gane ta daga gawa ba. Sai dai sha'awar ta yi ɓarna, domin Edmund ɗan Gosse ya yi kuka a littafinsa na 1907 cewa masu tsince-tsince sun wawashe kududdufan gaɓar Ingila.

Kiwon murjanin ƙasashe masu zafi ya jinkirta har 1961, sa'ad da Lee Chin Eng a Jakarta ya nuna fa'idar sa duwatsun da aka ciro daga teku da halittunsu, sannan masu kiwo na Balin suka kyautata hanyar daga shekarun 1970. Murjani na buƙatar haske mai ƙarfi, haske kuwa na haifar da gansakuka, nan ne aka tuna da ƙaguwa, aka mai da ita mai shara. Yanzu ana kwaso masu shuɗɗan ƙafafu daga Florida da tekun Karibiyan ana sayarwa da araha, kusan dukkansu kamun teku ne, kuma abin da ke damuna shi ne mai saye kan zuba su da yawa bai tanadi gidan da za su ƙaura ba, alhali haƙƙinsu ya rataya a wuyansa. In suka rasa sai su kashe dodon-koɗin da ke tare da su, ko su fizgo juna daga gida, shi ya sa masu kiwo na ƙwarai ke zuba katantanwa marasa kowa, manya da ƙanana, fiye da adadin ƙaguwoyin.