Shaihu Umar: Daga Takarda Zuwa Majigi

A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani matashin malamin Midil ta Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abokan takararsa sun tafi duniyar barkwanci da jarumta, kamar yadda ake gani a Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Shi kuwa a littafinsa Shaihu Umar ya tsaya kan abin da tsofaffin lokacin suka gani da idonsu, wato cinikin bayi.

An sace Umar yana ƙaramin yaro daga Kagara, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ratsa Sahara da shi, ya yi karatu har ya zama shaihi. Amma ni a wurina uwarsa ce ƙashin bayan littafin. Mace ɗaya tilo ta bazama neman ɗanta, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya har Murzuk da Tarabulus. Ta gan shi a ƙarshe, jikinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta cika. Ɓalewa bai yi wa mai karatu kuka ba, ya dai faɗi abin da ya faru, shi ya sa yake taɓa zuciya.

Shekara goma bayan kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966, Adamu Halilu ya mai da labarin fim, da Hausa zalla, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Wannan a 1976 ke nan, tun ba a san da Kannywood ba.

Daga nan fim ya yi ɓatan dabo. Turawan Ingila ba sa sakaci da irin wannan gado: Middlemarch na George Eliot, labarin wani garin lardi, BBC ta yi masa fim a 1994, kuma har yau ana samunsa. Namu kuwa sai a 2016 aka tono faya-fayansa a rumbun adana fina-finai na Jos. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibin Kakuri ko Barnawa a Kaduna zai karanta littafin don jarrabawa, bai ma san akwai fim ɗin ba. Ya kamata gidajen talabijin na Kaduna su nemo shi su haska wa jama'a.