Tsarin Amurka a Ƙofar Matamaye

Wanda ya tashi daga Matamaye ya kama hanyar Kano, kafin ya isa Daura ya riga ya tsallake iyakar salon mulki biyu. Nijar ta ɗauko nata daga Faransa, Najeriya kuwa ta kwaikwayi Amurka.

A birnin Filadelfiya aka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787, ya fara aiki a 1789. Marubutansa sun sha jinin jikinsu da mulkin sarkin Ingila, shi ya sa suka raba iko gida uku. Majalisa ke yin doka, ita ke riƙe da baitulmali. Shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta yi hukunci. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanata biyu gare ta, yau su 100 ke nan. Majalisar wakilai mai kujeru 435 kuma yawan jama'a take bi. Babu firaminista. Shugaba ko majalisa ta juya masa baya yana nan daram har shekarunsa huɗu su cika, sai fa in tsige shi aka yi.

Wannan ne Najeriya ta ɗauka a 1979, ta ƙara nata gishirin: sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shehu Shagari ya samu a 12, a Kano ya gaza, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar lissafin, ta tabbatar masa da kujerar. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da shi, Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya hau.

Nan gida Nijar, ɗan Damagaram Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993 a tsarin da ke raba iko tsakanin shugaba da firaminista. Da ƴan adawa suka kwashe majalisa a 1995, dole ya naɗa Hama Amadou firaminista. Zaman doya da manja aka yi, har taron majalisar ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki.

Masu cewa da tsarin Amurka muka bi da ba a kai nan ba, a ganina sun manta da Shagari. Baré kansa ya kawo kundin da ya tara iko a hannun shugaban ƙasa, kuma a watan Afrilu 1999 dogaransa suka harbe shi a Yamai.