Asalin Sunan Mai Zanen Katun

A Kano, mai yin zane mai motsi ana kiransa "mai zanen katun". Katun aro ce daga Ingilishi, tushenta kuwa cartone na Italiyanci, wato takarda mai kauri. Mujallar Punch ta Ingila ce ta jingina ta ga zanen barkwanci a 1843. Hausawan unguwar Briqueterie ta Yawunde kuwa da Faransanci suke cuɗanya, inda ake cewa dessin animé, daga anima na Latin, wato rai. Ke nan, sunan farko takarda ya duba, na biyu rai. Don haka "mai raya zane" ya fi dacewa da irin su Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya raya kwaɗi a fim ɗinsa Bon Voyage Sim a 1966.