Alewar gyaɗa: Daga sohan na Iran zuwa kantun Kano

Alewar da ake haɗawa da narkakken sukari da gyaɗa ko riɗi tana daga cikin kayan maƙulashe da suka daɗe a ƙasar Hausa, kuma har yanzu a gidaje ake yin akasarinta, duk da masana'antun alewa da aka kakkafa a Kano.

Kalmar alewa ta samo asali ne daga halawa ta Larabci. Ta riɗi ita ake kira kantu, ta gyaɗa kuwa wasu na kiranta kantun Gana.

Takwararta a Iran

A ƙasar Iran ana kiran irin wannan alewa sohan, kuma birnin Kum ne ya fi shahara da ita. Ana yin ta da tsiron alkama da sukari da man shanu da za'afaran da ruwan wardi, sannan a barbaɗa 'ya'yan fistashiyo a kai.

Akwai kuma sohan asali, wato mai zuma, wadda iyalai kan yi a gida da 'ya'yan almon, musamman lokacin bikin sabuwar shekara ta Nauruz a watan Maris.

Kayan haɗin sun bambanta da na Kano, amma dabarar ɗaya ce: a dafa sukari har ya kai matakin da zai karye idan ya huce.

Gyaɗa da masana'antun Kano

Fataucin gyaɗa ya haɓaka a Kano tun daga 1912, bayan isowar jirgin ƙasa, abin da ya haifar da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

A Bompai, unguwar masana'antu mafi daɗewa a birnin, an kafa kamfanonin matsar mai da na minti da biskit, da dama daga cikinsu mallakar 'yan asalin Labanan. Daga baya aka buɗe Sharaɗa da Chalawa.

Sai dai farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar rozet da ƙwarin darɓa suka yaɗa a 1975, sun karya noman gyaɗa. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje sun sa masana'antu da yawa rufe ƙofofinsu.

Sana'ar matan gida kuwa ba ta tsaya ba, domin ba ta buƙatar lantarki ko babban jari, sai tukunya da gawayi. Da ribarta wasu iyaye mata ke zubin adashi da tanadin kayan ɗaki.

Yadda ake yin ta

Ana soya gyaɗa kofi 2, a murje ɓawon, a sheƙe, sannan a ɗan daka ta sama-sama.

Sai a zuba sukari kofi 1 a tukunya da ruwa kaɗan, a matsa lemun tsami don kada ya koma tsaki-tsaki. A bar shi a wuta madaidaiciya har ya yi launin zuma.

A wannan mataki zafinsa ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. Idan ya daskare ya karye, ya yi. Idan ya yi danƙo, da saura. Idan kuma ya yi baƙi, to ya ƙone, kuma zai yi ɗaci.

Nan take a juye gyaɗar a gauraya, a zuba a farantin da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yayyanka kafin ta huce. Wasu kan yi amfani da mazarƙwaila ko zuma a maimakon sukari.

Sukari na zuƙar raɓa, shi ya sa alewar kan yi laushi da damina, ta kuma fi daɗewa da hunturu. Ya kamata a ajiye ta a mazubi mai murfi.

Abin lura

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata, don haka a nisantar da yara daga murhu.

Babban haɗarin kuwa yana cikin gyaɗar kanta. Wadda aka adana ba ta bushe ba takan yi hunhuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Masana kiwon lafiya sun tabbatar da alaƙar gubar da cutar dajin hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Saboda haka wajibi ne a tsince duk ƙwayar da ta motse, ko ta sauya launi, ko take ɗaci, a zubar kafin a ɗora tukunya.