Daga Mazari Zuwa Allura: Tarihin Aikin Hannun Matan Aure a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin kudancin Katsina, da auduga yakan fara. Zai kawo labarin kamfanin BCGA wanda Turawan Ingila suka kafa a 1902 don nema wa masaƙunsu auduga, da hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929, da injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, da gonar irin auduga ta Daudawa. Duk wannan gaskiya ne, amma tarihin ƙofar gida ne. Akwai wani tarihin na auduga wanda ya gudana a bayan zaure, a hannun matan aure, tsakanin daka da tuƙa tuwo da renon yara. Shi muke son mu bi sawunsa a wannan maƙala, don mu ga yadda aikin hannun mata ya tashi daga mazari ya koma allura, da kuma dalilin da ya sa bai mutu ba duk da irin sauye-sauyen da suka auka masa.

Zamanin Mazari

Kafin zuwan Turawa ƙasar Maska, wadda Funtuwa ke cikinta, ta yi suna wajen noman auduga da saƙa da rini. Sana'ar tufafi a wancan zamani a rabe take. Maza ke noma, su ke saƙar tsiri, su ke riƙe da karofi, kuma malamai da almajirai su ke ɗinkin riga da wando da hula, su ke fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Amma duk wannan aiki ba ya farawa sai an sami zare, shi kuwa zare daga ɗakin mata yake fitowa. Mace ce za ta gurje auduga a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta yi sutu, sannan ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Ta kaɗa zare mai ƙarfi, ta kaɗa abawa, ta aika kasuwa ko ta ba dillaliya. Waɗansu kuma suna da masaƙarsu ta tsaye a jikin bango, inda suke saƙa gwado da majanyi.

Muna da shaida a rubuce kan wannan rayuwa daga bakin mace. A 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a garin Giwa da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Mai karanta littafin zai ga kaɗi da saƙa a matsayin aikin yau da kullum na matan gida, kuma zai ga cewa abin da mace ta samu nata ne, da shi take biki, da shi take haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki.

Wannan mallaka tana da tushe a shari'a. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, an bambanta hidimar cikin gida, irin su shara da shimfiɗa da haɗa abinci, da kuma kaɗi da saƙa. Na farko yana iya hawa kan mace gwargwadon al'ada da halin miji. Na biyu kuwa ba a ɗora mata shi ba, domin neman kuɗi ne, ciyarwa kuma a wuyan miji take. Ke nan tun asali tukunya ta gida ce, mazari kuwa na mai shi ne. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, ba zai gane abin da ya sa mata suka yi ta fafutikar sama wa aikin hannu lokaci ba.

Kulle da Rabon Lokaci

Bayan da dokokin Turawa suka karya bauta, daga sanarwar 1901 har zuwa haramtawa ta gaba ɗaya a 1936, kulle ya bazu daga gidajen sarauta da na malamai zuwa gidajen talakawan ƙauye. M. G. Smith, mijin Mary Smith, ya danganta wannan da yadda ake kallon noman mace a matsayin alamar bauta, don haka wadda ta sami 'yanci sai ta bar gona. A ƙasar Malumfashi bambancin a fili yake, domin matan Maguzawa da ke maƙwabtaka sun ci gaba da noma da gayaunarsu, matan Musulmi kuwa suka koma cikin gida. Wadda ta bar fartanya dole ta nemi wata hanyar samun na kanta.

To, ina lokacin yake? Mu dubi yinin matar aure a ƙauye kafin zuwan injin niƙa. Daga sallar asuba sai shara da ɗumame, da hantsi ta shiga sussuka da surfe, ta wanke tsaba ta shanya, ta yi daka ko niƙa a dutse, ta tankaɗe. Kafin la'asar ta sakaya ta hura wuta, ta ɗora ruwan tuwo, ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe, ta kaɗa miya, ta rarraba wa maigida da baƙinsa da yara da almajiri. Abin da ya rage mata shi ne ɗan tsakanin azahar da la'asar, sai kuma bayan lisha a gaban aci-balbal, lokacin da ake kaɗi ana yi wa yara tatsuniya. A gidan da ke da mata biyu ko fiye, rabon girki na kwana bibbiyu shi ne ya zama kalandar sana'a: wadda ta fita girki ita ke da yini sukutum na aikin hannunta. Kowa ya san kishi da zafinsa, amma rabon girki ya ba mata da yawa sararin da mace ɗaya tilo a gida ba ta da shi.

Faɗuwar Kaɗi

Turawan mulki sun shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, suka matsa wa manoma su bar irin gida, suka kafa kasuwannin awo. Duk da haka sun daɗe suna kuka, domin masu sayen auduga don kaɗi da saƙar gida sukan biya fiye da farashin kamfani. Wato matan da ke zaune a ɗaka sun yi shekaru suna gogayya da masaƙun Ingila a kan audugar gonakin mazajensu.

Abin da ya ci ƙarfin mazari shi ne arahar yadin kanti da zaren inji. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau, Funtuwa ma ta sami tata a ƙarshen shekarun 1970. Da atamfa da shadda suka wadata, masaƙan gargajiya suka ragu, waɗanda suka rage kuma suka koma zaren inji. Sannu a hankali kaɗi ya zama aikin tsofaffi.

Da yawan mata sai suka karkata ga abincin sayarwa, su fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta nuna cewa cinikin da mata ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara kasuwa ce cikakkiya, sai dai ba ta da rumfa. Amma sana'ar abinci tana da nata sharuɗɗa. Tana cin itace, tana ƙara wa mace tsayuwa a bakin murhu bayan na girkin gida, tana bukatar yarinya mai talla, kuma in an yi kwantai an yi asara.

Shigowar Allura

Ta hanya biyu allura ta shiga ɗakin mata. Ta farko ita ce makaranta. Tun wajen 1930, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, kuma ɗinki na cikin manyan darussanta. Azuzuwan matan aure da makarantun firamare, musamman bayan shirin ilmi kyauta na 1976, sun yaɗa saƙar kwarashi da ta ulu da yi wa zanen gado da rigar matashi fure. Amarya ta fara shiga ɗaki da aikin hannunta a kan gado, mai jego ta saƙa wa jaririnta hula da safa saboda hunturu.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, sannan siyasar 1979 da ta fito da babbar riga da doguwar hula, sun sa bukatar hula ta fi ƙarfin maza maɗinka, waɗanda da yawansu ma sun tafi aikin albashi ko sun koma keken ɗinki. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello ya kammala a 1979, ya riski wannan sana'a tana cikin sauyawa. Daga baya Elisha Renne ta rubuta yadda matan birnin Zariya suka karɓi ɗinkin hula har da na babbar riga, aikin da a da sai namiji. Garuruwanmu da ke cin kasuwa ɗaya da Zariya da Kano ba su tsira daga wannan guguwa ba. Mai zane ya zana, mace ta cike da allura, mai wanki ya wanke ya ɗora a kan gungume, dillali ya kai kasuwa.

A daidai wannan lokaci ne aka yi Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, daga 1975 zuwa 1980, da bashin Bankin Duniya. Da maigida shirin ya yi magana: taki da iri da feshi da hanyoyin karkara. Bai tanadi kome ba don sana'ar cikin gida, amma ya taɓa ta ta bayan fage. Masara ta yawaita, ita kuwa tana da wuyar daka, injinan niƙa suka bazu a ƙauyuka, sa'o'in da turmi da dutse ke cinyewa suka dawo hannun mata. Wani ɓangare na wannan lokaci allura ce ta gaje shi.

A ganinmu, sirrin allura shi ne ta dace da rayuwar da ake katsewa kowane lokaci. Wadda ta ɗora ƙosai ba ta isa ta tashi ba. Mai ɗinkin hula kuwa, in yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafasa, sai ta soke allurar a jikin hular ta tashi, in ta dawo aikinta na nan inda ta bar shi. Ba ya tsami, ba ya bukatar wuta, jarinsa kaɗan ne, ana yin sa ana hira, ana tafiya da shi gidan suna. Irin halin da mazari ke da shi ke nan, shi ya sa muke cewa allura ce magajiyarsa ta gaskiya. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, to balle aikin da ladarsa taka ce.

Ina kuɗin ke tafiya? Adashi da biki da sabulu da man shafawa, da kwalla da samira da langa na jeren ɗiya, da akuyar da ake ba wani kiwo. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da albashi da kuɗin amfanin gona suka daina kai wata, kuɗin hula ya fara shiga cefane da magani da littafin makaranta. Abin da shari'a ta ce na mace ne ita kaɗai, ya zama madogarar gida a ɓoye. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, da na tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, sun buɗe cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa, amma sun tarar da matan sun riga su nisa.

Kammalawa

Bai kamata mu yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Hula mai cikakken aiki takan ci makonni, abin da ke isa hannun wadda ta ɗinka kuwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashinta a kasuwa, domin ba ita ke zuwa kasuwar ba. Ido yana gajiya a gaban fitila, baya yana ƙagewa. Yau kuma hular inji mai araha ta cika kasuwa, masaƙun Kaduna da suka kashe mazari su ma sun durƙushe tun shekarun 2000, rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, ya raba mata da ɗakunan da suka jera da guminsu.

Duk da haka, abin da shekaru ɗari suka nuna shi ne duk sanda aka ƙwace wa matar Bahaushe wata sana'a, takan nemo wata wadda za ta shige tsakanin girki da reno. Aikin da ke gabanmu, mu marubuta, shi ne mu shiga gida mu tambaya. Tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu suna ƙarewa, kuma tare da su kalmomi irin su sutu da abawa da shiɓa suke tafiya. Mun cika littattafanmu da matan da ke jiran abin da Alhaji zai kawo, alhali iyayenmu da suka haife mu ba haka suka zauna ba. In muka yi sakaci, jikokinmu za su karanta tarihin audugar Funtuwa su ga kamfani da jirgi da inji, su rasa hannun da ya murza zaren. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.