Kwanon Ɓera: Waiwaye a Kan Ciyar da Ɓeran Kiwo

A wajenmu in an ambaci ɓera, tarko ko kyanwa ke faɗo wa mutum a rai. A Ingila da Amurka kuwa akwai masu ajiye shi a keji, su raɗa masa suna, in ya yi atishawa su garzaya wurin likitan dabbobi.

Abin ya samo asali ne a Landan, tsakiyar ƙarni na 19. Wani mai kamun ɓeraye, Jack Black, wanda ke kiran kansa mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓera, yakan sayar da yawancin kamunsa ga masu caca da ke sakar musu karnuka. Amma in ya ci karo da fari ko mai dabbare-dabbare, sai ya ware shi, ya hayayyafa, ya sayar wa matan masu hali. A 1901 Mary Douglas ta kai ɓeranta gasar nunin dabbobi a Aylesbury, ya kuwa zo na ɗaya. Duk wannan lokaci babu wani ƙayyadadden abinci. Abin da gida ya rage shi ake zuba masa.

Ilimin ciyar da shi ba daga masu ƙaunarsa ya fito ba, daga masu gwaji da shi ne. A 1908, Elmer McCollum na Jami'ar Wisconsin ya ga binciken abinci da shanu na cin kuɗi da shekaru, sai ya koma ga ɓeraye. Na farkon da ya kamo a bargar dawakai sun fi ƙarfinsa da cizo, dole ya sayo farare. A 1913, shi da Marguerite Davis suka lura ɓeran da ake ba man zaitun ko kitsen alade yakan daina girma, da an sa masa man shanu ko gwaiduwar ƙwai sai ya murmure. Ta nan aka gano bitamin A. Wato lafiyar mutum ake nema, amma a kan hanya sai aka san cikin ɓera ciki da bai.

Binciken da ya fi shafar mai kiwo a yau, a ganina, shi ne na Clive McCay a Jami'ar Cornell a 1935: ɓerayen da aka rage wa yawan abinci, ba tare da an tauye musu sinadarai ba, sun fi waɗanda suka ci suka ƙoshi tsawon rai. Daga ɗakunan gwajin nan kuma aka samu dunƙulallen abinci, wanda kowace loma ke ɗauke da komai. Ma'aunin da masana abinci na Amurka suka fitar a 1993 ma ya bambanta ɗan ɓera mai tasowa da babba, ya rage wa babban furotin, don yawansa na gajiyar da ƙodar tsohon ɓera.

Sai dai kasuwa ta fi son abin da ke burge mai saye: gaurayen hatsi mai launi-launi. Zuba shi ka tsaya ka gani. Ɓeran zai tone kwanon, ya tsinci gyaɗa da 'ya'yan fure masu maiƙo, ya zauna a ƙafafun baya yana juya su da hannu biyu, ya bar sauran. Mai shi ya ga kwano ya yi ƙasa, ya ƙaro. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dabbar da rayuwarta duka shekara 2 zuwa 3 ce, sai ta ƙare da teɓa da ƙari a mama.

Shi ya sa masu kiwo na yanzu, ciki har da 'yan wata ƙungiyar masu ɓeran kiwo da aka kafa a Ingila a 1976, suke auna abinci kullum, su haɗa da ɗanyen ganye da ɗan dafaffen ƙwai, su ba shi abu mai tauri domin haƙoran gabansa ba sa daina tsiro. Sabon abu kuwa kaɗan-kaɗan ake gabatar masa. Ɓera ba ya iya amai, don haka yakan ɗan gutsura, ya ja da baya ya saurari cikinsa, sai daga baya ya dawo.