Daga Malaman Taki Zuwa NIN: Sau Nawa Za a Rubuta Sunan Manomin Gezawa?

Jama'a, duk lokacin da aka ce an zo da sabon shirin tallafin noma, abu na farko shi ne a ce manoma su fito a yi musu rajista. A kafa layi a rana, a ɗau hoto, a dangwala yatsa. Baɗi wani shirin ya zo, a sake komawa farko kamar ba a taɓa ganin mutumin ba. Ni dai a ganina matsalar ba ta rashin kwamfuta ba ce, kuma tarihin ƙasarmu ta Gezawa ya isa ya nuna hakan.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, babban abin da ya dame su shi ne haraji. A ƙasashen da ke kewaye da birni gona na jikin gona, kowace tana da mai ita, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a yi ta zuba mata taki. Sai aka fito da malaman taki. Ba takin gona ake nufi ba, takin ƙafa ne: malami ya taka gona tsawo da faɗi yana ƙirgawa, ya rubuta girmanta da sunan mai ita, a yanka haraji a kan haka. Daga baya aka shigo da awo na safiyo da taswira a wasu gundumomin kusa da birni.

Ku lura da yadda bayanin yake tafiya. Mai unguwa ya san gida-gida, dagaci yana riƙe da jerin sunaye, hakimi ya tattara, kuɗi ya wuce Baitulmali. Littafi ɗaya ne, amma amfaninsa ya wuce haraji. Da shi hukuma take ƙiyasta yawan mutane, kuma rasiɗin haraji ya zama kamar katin shaida ga matafiyi. Kowace shekara ana sabunta shi, a cire wanda ya rasu, a saka wanda ya balaga.

Ba yabon zamanin nake ba. An ɗaure mutane an wulaƙanta su a kan harajin nan, kuma da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talaka ya yi murna, yana da gaskiya. Sai dai da harajin ya tafi, dalilin bin gida-gida duk shekara ma ya tafi, ba a kawo wani littafin da zai gaje shi ba. Shekara guda kafin nan, dokar filaye ta 1978 ta damƙa kula da ƙasar karkara a hannun ƙananan hukumomi, amma gonar gado a wurinmu har gobe shaidarta ita ce dattawa da takardar dagaci.

Abin mamaki, ƙasar nan tamu ta shiga littattafan ilimi na duniya. Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin noman kewayen Kano, kuma Tumbau ta nan Gezawa tana cikin wuraren da aka auna gonaki ɗaya bayan ɗaya. Yau mai bincike a Ingila zai fi saurin samun bayanin waɗannan gonakin fiye da jikan mai gonar.

To da kwamfuta ta zo fa? A ƙirga. Katin ɗan ƙasa a 2003. Hukumar NIMC a 2007. Rajistar zaɓe ta yatsa da rajistar layin waya a 2011. Rabon taki ta waya zamanin minista Akinwumi Adesina a 2012. BVN a 2014. Bashin Anchor Borrowers a 2015. Haɗa NIN da layin waya a Disambar 2020. Kusan kowanne ya gina rumbun bayanansa daban. Mutum ɗaya ya zama Muhammad a banki, Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a jerin masu taki, ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu.

Masana kwamfuta sun daɗe da gano maganin wannan. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin da zai raba ajiyar bayani da manhajar da ke amfani da shi. Ma'ana, manhaja ko shafin intanet fuska ce kawai, tana tsufa a canza ta. Bayanin yana can a rumbu, kuma tsakaninsu akwai ƙofa ɗaya mai ƙa'ida, duk manhajar da za ta zuba ko ta ɗiba sai ta nan. In ka gina ƙofar nan da kyau sau ɗaya, manhajar taki da ta asibiti da ta makaranta duk za su shiga ta ita. Istoniya ta kafa irin wannan hanya mai suna X-Road a 2001, har suka mai da shi ƙa'ida cewa hukuma ba za ta sake tambayar ɗan ƙasa abin da ta riga ta karɓa daga gare shi ba.

Saboda haka ina kira ga ƙannenmu da suka koyi haɗa manhaja a BUK da Wudil da sauran wurare. In aka ba ku aikin ƙungiyar manoma ko na ƙaramar hukuma, kar ku fara da kwalliyar fuska. Ku fara da rumbu:

1. Kowane mutum da kowace gona su sami lamba ɗaya da ba ta canzawa. Suna ba shaida ba ne, unguwa ɗaya tana iya samun Sani Musa biyar.

2. Kar a goge tsohon bayani, a ƙara sabo a kansa. Gona tana canza hannu ta gado da saye da jingina da aro. Ranar rigima, tarihin ake nema.

3. Ya yi aiki ko babu sabis. A ajiye a waya da irin su SQLite, in an sami sabis ya tura wa babban rumbun.

4. Ya karɓi ɗ da ƙ da ɓ. Ɗanladi ba Danladi ba ne a wurin na'ura.

5. Kwafi ya zauna a wuri fiye da ɗaya, mabuɗi kuma a hannun masu abin, ba ɗan kwangila ba. Na san wata ƙungiyar manoma da ta rasa sunayen mambobinta kaf don wanda ya yi musu shafin ya daina biyan kuɗin haya.

Na san wani zai ce tara komai wuri guda haɗari ne, wanda ya riƙe littafi ya riƙe wuyan mutane. Gaskiya ne, kakanninmu sun ɗanɗana. Shi ya sa ƙofar take da muhimmanci: ita ce za ta rubuta wa ya duba, yaushe, da izinin wa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara. Littafin haraji bai taɓa ba talaka wannan ba.

Malaman taki da ƙafa da alƙalami suka yi littafin da ake sabuntawa duk shekara, don a karɓa daga hannun talaka. Mu da muke cewa ba shi za mu yi, ba mu da uzurin tsayar da shi a layi kowace damina. Duk ɗan siyasar da ya zo da sabuwar rajista, a tambaye shi: ina ta bara?

Allah ya ba mu damina mai albarka.